Ido da Gani: Zaton Ƙuruciya da Gaskiyar Lamari

Kowane mutum yana tasowa da wasu bayanai game da ido waɗanda ya tsinta tun yana ƙarami. Wasu shi ya ƙirƙiro su da kansa yayin da yake ƙoƙarin gane abin da ya ɗaure masa kai. Wasu ya ji su a bakin abokan wasa a dandali ko a makarantar allo. Wasu kuma manya ne suka faɗa masa don su tsawatar masa. Da yawa daga cikin waɗannan bayanai ba sa rabuwa da mutum ko da ya yi furfura. Yaron da ya yarda cewa tabarau yana kashe ido, shi ne gobe zai zama uban da zai hana 'yarsa saka gilashin da likita ya rubuta mata.

Wannan ya sa batun ya wuce hirar yara. Binciken ƙasa kan makanta da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma kimanin kashi 84 cikin 100 na wannan makantar ana iya hana ta ko a warkar da ita. Mazauna Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Darmanawa, Daurawa, Unguwa Uku da Hotoro suna kusa da likitan ido, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan Titin Zariya, a tsakiyarsu. Sai dai kusanci da asibiti ba ya amfanar wanda ya riga ya yanke hukunci a gida bisa zaton da ba daidai ba.

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son mai koyo ya iya bayyana yadda gani yake aukuwa, ya bambance zaton da ba ya cutarwa da wanda kan jawo asarar ido, ya kuma san alamomin da ke buƙatar a garzaya asibiti.

1. Yadda gani yake aukuwa

Gani yana buƙatar abubuwa uku: haske, ido mai lafiya, da ƙwaƙwalwa. Haske yana tasowa daga rana ko fitila ko wuta, ya sauka a kan abu, abin ya mayar da wani sashe nasa, wannan sashen kuma ya shiga ido.

Faɗin ƙwayar idon babban mutum kusan santimita 2 da rabi ne. A gabanta akwai wani tantani garai-garai da ya lulluɓe baƙin ido, likitoci suna kiransa koniya. Shi haske yake fara ratsawa. A bayansa akwai da'irar da ke ba ido launinsa, a tsakiyarta kuma akwai ɗigo baƙi ƙirin. Wannan ɗigon ƙofa ce: tana tsukewa idan haske ya yi yawa, tana buɗewa idan ya yi ƙaranci. Daga ƙofar sai madubin cikin ido, wanda yake tattara haske ya daidaita shi. Yakan ƙara kauri idan ana duban abu na kusa, ya baje idan ana hangen nesa. A can bangon baya akwai wani tantanin da ake kira ratina, mai ɗauke da ƙwayoyi sama da miliyan 100 masu jin haske. Su ne suke mayar da haske saƙo, jijiyar gani ta ɗauke shi zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya.

Aikin ido ya yi kama da na kyamarar waya: yana karɓar hasken da ya zo masa ne, in babu haske babu hoto. Hoton da ke sauka a bangon ido a juye yake, ƙasa a sama, kamar yadda masanin taurari Johannes Kepler ɗan ƙasar Jamus ya bayyana a 1604. Ƙwaƙwalwa ce take fassara shi har mutum ya ga duniya a tsaye.

2. Zaton cewa ido yana fitar da haske

Yara da yawa suna jin cewa wani abu yana fita daga idonsu ya je ya taɓo abin da suke kallo. Suna da hujjojinsu. Idon mage yana ƙyalli da dare. Wanda aka kwaɗa wa mari yakan ga walƙiya. Wanda ya murje idonsa a rufe yakan ga launuka suna yawo.

Manyan masanan Girka irin su Yuklid da Batlamus sun tafi a kan irin wannan ra'ayi, kuma ya daɗe ana koyar da shi. Wanda ya rushe shi da hujja da gwaji shi ne Alhasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra a wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira a wajen 1040. A littafinsa Kitabul Manazir ya nuna cewa kallon rana yana sa ido ciwo, kuma wanda ya ƙura wa abu mai haske ido sannan ya kau da kai yakan ci gaba da ganin tabonsa. Wannan shaida ce cewa haske ne yake shigowa ya yi aiki a kan ido. Ya kuma gwada jera fitilu a waje, haskensu ya ratsa ƙaramar kafa zuwa cikin ɗaki mai duhu. Duk fitilar da aka tare, haskenta ne kaɗai yake ɓacewa a bango. Duk da wannan, masu binciken halayyar ɗan'adam a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun gano a shekarun 1990 cewa har ɗaliban jami'a da dama suna riƙe da tsohon zaton.

Ƙyallin idon mage, kare ko akuya yana zuwa ne daga wani tantani mai mayar da haske da ke bayan idonsu. Sai an haska su da tocila ko fitilar mota yake bayyana. A ɗakin da babu haske ko kaɗan, idon mage ba ya ƙyalli, ita ma ba ta gani. Walƙiyar mari kuma matsi ne ya taɓa ƙwayoyin ratina, suka aika saƙo, ƙwaƙwalwa ta ɗauke shi a matsayin haske. Idan an ɗauke wuta da dare mutum ya fara ganin kayan ɗaki bayan ɗan lokaci, idonsa ne ya saba da ɗan hasken da ke shigowa ta taga. Cikakken sabon yakan ɗauki minti 20 zuwa 30. Batun kambun baka da malamai suke bayani a kansa fage ne na addini, dabam yake da yadda gani yake aukuwa a jiki.

3. Abubuwan da ke ruɗar mai kallo

Ɗan shekara biyu ko uku yakan rufe idonsa da tafin hannu a wasan ɓuya, ya ɗauka babu mai ganinsa. Wannan mataki ne na girma, domin bai gama gane cewa abin da yake gani dabam yake da abin da wani yake gani ba. Yakan wuce shi da kansa wajen shekara huɗu zuwa biyar.

Yaron da ke cikin Adaidaita Sahu da daddare yakan ce wata yana bin su. Shaguna da turakun lantarki suna kusa, saboda haka suna wucewa da sauri. Wata kuwa yana da nisan kusan kilomita 384,000, tafiya daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku ba ta isa ta sauya inda ake hango shi ba.

A tsakiyar bazara akan hango kamar ruwa kwance a kan kwalta, idan an ƙarasa sai a tarar babu komai. Wannan ita ce kawalwalniya. Iskar da ke dab da kwalta ta fi ta sama zafi, sai ta lanƙwasa hasken da ke saukowa daga sararin sama ta tura shi ido. Hoton sama ne ake gani a ƙasa.

Akwai kuma gurbi ɗaya a kowane ido da ba ya gani sam, wato inda jijiyar gani ta fita daga ratina. Mutum ba ya lura da shi saboda ɗaya idon yana rufe gurbin, ƙwaƙwalwa kuma tana cike shi. Wannan yana koyar da abu mai muhimmanci: ido ɗaya yana iya raguwa sosai mai shi bai sani ba, sai ranar da ya rufe mai lafiyar.

4. Idon jariri da na ƙaramin yaro

Ana yawan cewa jariri ba ya gani sai ya yi arba'in. Jariri yana gani tun ranar haihuwa, sai dai dishi-dishi, kuma ya fi ganin abin da ke nisan santimita 20 zuwa 30, wato tazarar fuskarsa da ta mahaifiyarsa lokacin shayarwa. Zuwa wata biyu ko uku ya kamata ya riƙa bin fuska ko abin wasa da ido. Wanda ya wuce haka bai fara ba, a kai shi a duba. Jaririn da idonsa ya kumbura yana zubar da ruwa mai kauri a watan farko, a ranar ake kai shi asibiti, domin irin wannan ciwon yana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki.

Game da harara-garke, akan ce tsayawa ta bayan kan jariri ko ajiye fitila a gefensa ne yake jawo shi, akan kuma gaya wa yaro cewa idan ya karkata idonsa da wasa zai maƙale a haka. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake haifar da shi. Tsokoki shida ne suke juya kowane ido. Matsalar takan zo ne daga rashin daidaiton aikinsu, ko buƙatar tabarau, ko wata cuta a cikin idon, kuma tana bin jini a wasu gidaje. 'Yar karkacewar da ke zuwa tana wucewa a watanni uku ko huɗu na farko ba abin damuwa ba ce. Wadda ta zauna daram ko ta wuce wannan lokaci, ita ce ake kai wa likita. Zaton da ya fi cutarwa shi ne "zai daidaita idan ya girma". Ƙwaƙwalwar yaro takan yi watsi da idon da ya karkace, ganinsa ya tsaya cak. Ana gyara wannan da tabarau, da rufe ido mai lafiya na wasu sa'o'i a kullum don a tilasta wa ɗayan aiki, wani lokacin da tiyata. Maganin ya fi tasiri kafin shekara bakwai ko takwas. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Idan aka ga fari a tsakiyar ɗigon idon yaro, ko ido ɗaya yana ƙyalli kamar na mage, musamman a hoton da aka ɗauka da filasha, kada a jinkirta. Yana iya zama yanar da aka haife shi da ita, yana kuma iya zama sankarar ido, wadda ke kama yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan an gano ta da wuri ana ceton ran yaron, sau da yawa har da idon.

Yara kuma sukan ce zabiya ya fi gani da dare. Gaskiyar ita ce ƙarancin sinadarin launi a idonsa yana sa hasken rana ya dame shi, ganinsa kuma yana da rauni dare da rana. Abin da yake buƙata shi ne hula mai baki, tabarau, da kujerar gaba a aji.

5. Afolo, ƙaiƙayi, da abin da ake ɗigawa

Duk lokacin da afolo ya ɓarke, yara sukan kau da kai daga mai jan ido don kada su ɗauka ta hanyar kallo. An fara ganin wannan annoba a Ghana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya sauka a duniyar wata, shi ya sa ake kiranta afolo. Ƙwayar cuta ce take kawo shi, kuma hannu ne babban mai yaɗa ta. Mai ciwon ya goge hawaye ko kwantsa, ya taɓa ƙofa, buta, waya ko kuɗi, ko ya yi musabaha, wani ya taɓa ya kai hannu idonsa. Tawul ɗaya, hankici ɗaya, matashin kai ɗaya da tandun kwalli ɗaya duk hanyoyi ne. Rigakafinsa wanke hannu da sabulu da raba waɗannan kayayyaki. Galibi yana warkewa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Abin da yake makantarwa a lokacin afolo yawanci shi ne abin da aka zuba a idon: ruwan sukari, ruwan albasa, lemun tsami, fitsari, nonon uwa, tsimin ganye, har da ruwan batir. Akwai zaton cewa maganin da ya fi raɗaɗi shi ya fi aiki. Raɗaɗin alama ce ta ƙuna. Koniya ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, idan ta yi miki ta warke sai ta bar hakiya, hakiyar da ta zauna a tsakiya kuma ta tare hanyar haske.

Akwai yaran da suke fama da ƙaiƙayin ido shekara da shekaru, farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, abin ya tsananta da ƙurar hunturu ko zafin bazara. Wannan borin jiki ne ga ƙura da makamantanta, ba ya yaɗuwa, kuma yakan lafa bayan balaga. Haɗarinsa yana cikin maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid da ake saya a kyamis ba da takardar likita ba. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma daɗewa ana amfani da shi yana iya jawo yana da hawan jinin ido.

Kwalli ado ne mai tsohon tarihi, kuma yana da gurbi a addini da al'ada. Amma zaton cewa yana wanke idon jariri ko yana ƙara masa girma ba shi da tushe, kuma da yawa daga cikin dutsen kwallin da ake sayarwa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa. Kwallin da ake sa masa ya ƙunshi dalma fiye da kashi 80 cikin 100. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010, inda gubarta daga haƙar zinari ta kashe yara sama da 400. Mafi aminci shi ne a bar idon jariri ba kwalli.

6. Abinci da dundumi

Akan ce wa yara cin karas yana sa gani a duhu. Akwai gaskiya a ciki, amma da iyaka. Ƙwayoyin ratina masu aiki da dare suna buƙatar bitamin A. Yaron da ya rasa shi yakan yi dundumi, da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe. Idan rashin ya tsananta, ido ya bushe, koniya ta yi miki. Ƙyanda da gudawa mai daɗewa suna ƙarar da bitamin A a jiki, shi ya sa a da yara da yawa suke fitowa daga ƙyanda da hakiya.

Ana samun wannan bitamin a hanta, ƙwai, manja, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, zogale da alayyahu, duk abubuwan da ake samu a Kasuwar Tarauni. Allurar rigakafin ƙyanda a wata tara, da ɗigon bitamin A da ake ba yara daga wata shida zuwa shekara biyar duk bayan wata shida, suna kare ido. Wanda jikinsa yake da isasshen bitamin A kuwa, ƙarin karas ba zai ƙara masa gani ba, ba kuma zai maye gurbin tabarau ba.

7. Karatu, talabijin, waya da tabarau

Karatu da fitilar ƙwai ko hasken tocila yana gajiyar da ido, yana iya kawo ciwon kai, amma ba ya makantarwa. Haka ma zama kusa da talabijin. Abin lura shi ne yaron da kullum yake matsawa gaban talabijin, ko yake ƙanƙance ido don ya ga allo, ko yake kwafa daga littafin na kusa da shi, wataƙila ba ya gani sosai daga nesa ne. Irin wannan yaron sau da yawa akan ɗauke shi daƙiƙi, alhali tabarau kawai yake buƙata.

Daɗewa a kan waya yana rage ƙiftawa, ido ya bushe ya yi zafi. Ana so duk bayan minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisa na ɗan lokaci. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa yaran da suke samun kimanin awa biyu a waje kullum sun fi tsira daga matsalar gani daga nesa.

Ana cewa tabarau yana raunana ido, ko yana sa shi ya faɗa ciki, ko kuwa yanga ce, yara kuma sukan tsokani mai saka shi da "ido huɗu". Tabarau yana daidaita haske ne kafin ya shiga ido, ba ya taɓa ƙwayar idon. Wanda ya saba da gani tangaram, idan ya cire sai ya fi lura da dishin da a da ya ɗauka haka duniya take. Idan lambar gilashin yaro ta ƙaru, girman ƙwayar idonsa ne ya sauya.

Wannan batu ya shafi ɗaliban ajin manya kai tsaye. Daga wajen shekara 40 madubin cikin ido yakan fara tauri, mutum ya riƙa nesanta takarda kafin ya karanta, zura zare a allura ya gagari tela. Wannan yana samun kowa, kuma gilashin karatu yana magance shi. Kada mai koyo ya ɗauka kansa ne ba ya ja.

8. Rana, walda, da abin da ya faɗa ido

Yara sukan yi gasar ƙura wa rana ido. Madubin ido yana tattara hasken a wuri ɗaya a kan ratina ya ƙona shi, kuma ratina ba ya jin zafi, saboda haka ɓarnar tana aukuwa ba a sani ba. A lokacin husufin rana, kamar na ranar 29 ga Maris 2006 da ya ratsa Ghana, Togo, Benin, arewa maso yammacin Najeriya da Nijar, mutane sukan kalli rana a cikin kwanon ruwa ko ta baƙin gilashi. Duka biyun ba kariya ba ne. Hanya mai aminci ita ce a huda kwali da allura, a juya wa rana baya, a kalli hotonta a ƙasa.

Hasken walda yana ƙona koniya, kuma zafin ba ya tasowa sai bayan sa'o'i, galibi cikin dare. Yaran da ke koyon sana'a a garejin walda da kanikanci suna buƙatar garkuwar fuska ta ainihi, kamar yadda maigidansu yake buƙata.

Ƙasa ko ƙwaro da ya faɗa ido ba ya iya zagayawa bayan ido ya shiga kai, domin wani tantani ya haɗe farin ido da cikin fatar ido ya rufe hanyar. Kada a murza, kada a sa harshe ko tsinke. A wanke da ruwa mai tsabta. Idan ruwan batir, siminti ko farar ƙasa ne ya shiga, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20 kafin a kama hanyar asibiti. Idan dutsen danƙo, tsinken tsintsiya, waya ko bakin bulala ya huda ido, kada a zare abin, kada a danna. A kifa gindin kofi mai tsabta a kai a tafi nan take.

9. Tsoron aikin ido

Labarin da ya fi yawo tsakanin yara, har da manya, shi ne likita yana ƙwaƙule ido ya ajiye a faranti ya wanke ya mayar, ko ya sa wa mutum idon akuya. Ido yana ɗaure da tsokoki da jijiyar gani, ba a fito da shi a aikin yana, ba a kuma sa wa mutum idon dabba. Yana ita ce dusashewar madubin cikin ido, kuma ita ce ta haddasa kimanin kashi 43 cikin 100 na makantar da binciken ƙasa ya gano. A wajen aiki ana kashe zafin idon, a yi ɗan ƙaramin yanka, a fitar da madubin da ya dushe, a sa na roba a gurbinsa. Likita Harold Ridley ne ya fara sa irin wannan madubi a Landan a 1949. Aikin bai cika wuce rabin awa ba.

Tsoron asibiti yana kai wasu hannun masu ture yana da tsinke a gida. Su suna tura madubin ne ya faɗa cikin ido, abin da kan bar mutum da ciwo, ƙwayoyin cuta, da gani mara amfani. Hawan jinin ido kuma dabam yake da yana: matsin ruwan cikin ido ne yake cinye jijiyar gani a hankali, galibi ba ciwo, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Duk wanda ya kai shekara 40, musamman mai ɗan'uwa da ke da cutar ko mai ciwon sukari, ya kamata ya riƙa zuwa awon ido.

10. Abin da ya hau kan iyaye da malamai

Idan yaro ya zo da tambaya ko da wani zato, a saurare shi, a tambaye shi dalilinsa, sannan a gwada abin tare da shi. Idan ana son hana shi wani abu, a faɗa masa ainihin dalilin. Wanda aka tsoratar da ƙarya yakan riƙe ƙaryar har ya koya wa 'ya'yansa.

Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne: fari a ɗigon idon yaro, kumburi da ruwa mai kauri a idon jariri, rauni ko ƙuna, jan ido mai tsananin ciwo ko mai rage gani, ɗaukewar gani farat ɗaya, da ciwon ido a lokacin ƙyanda. Ban da sashen ido na Asibitin Malam Aminu Kano, a birnin akwai Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, Asibitin Ido na ECWA da aka kafa a 1943, da Asibitin Ido na Makkah. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa.

Tambayoyi

1. A lissafa sassan da haske yake ratsawa daga gaban ido zuwa ratina.
2. Waɗanne hujjoji Ibnul Haisam ya kawo kan cewa haske shiga ido yake yi?
3. Ta waɗanne hanyoyi afolo yake yaɗuwa, kuma me ya kamata a guje wa zubawa a ido?
4. Me ya sa ake gaggauta gyaran harara-garke tun yaro yana ƙarami?
5. Mene ne bambancin yana da hawan jinin ido?

Ayyuka

(a) Mutum biyu su zauna a inuwa, ɗaya ya rufe idonsa na minti ɗaya sannan ya buɗe yana fuskantar haske, ɗayan ya lura da ɗigon tsakiya.

(b) A zana gicciye a hagu da ɗigo a dama, tazarar santimita 8. A rufe idon hagu, a ƙura wa gicciyen idon dama, a matso da takardar a hankali daga tsawon hannu. A faɗi abin da ya sami ɗigon.

(c) A gwada kowane yaro a gida: ya rufe ido ɗaya ya karanta rubutun kalanda daga nesa, sannan ya sauya ido. A rubuta sakamakon a kawo aji.